Akwatin Cikin Firji

Baba ne ya ja ni cikin wasan ɓoyon akwati bayan ya ajiye tuƙin bas. Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne. Ka samu ƙaramin akwatin roba, ka zuba tarkace, ka ɓoye a wani lungu, ka sa lambobin wurin a intanet, mutane su bi taswirar waya su nemo. Wanda ya samo ya ɗauki abu ɗaya, ya bar wani a madadinsa.

Sai dai Baba ba ya ba da lamba a ɓagas. Tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa yake shiryawa, ka samo amsa, ka ƙirga haruffanta, adadin shi ne lambar. Ni ke buga masa a waya, don a cewarsa yatsunsa na sitiyari ne.

Akwatinmu na ƙarshe mun cusa shi ne a ƙarƙashin wani bencin siminti a bakin filin ƙwallo. Cikin tambayoyin akwai wannan: ba ta da ƙafa, tana shiga ɗaki ba sallama. Amsar Baba iska ce, haruffa huɗu.

Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa. "Mun samo! Dabarar firjin nan ta burge mu." Wane firji kuma? Na leƙa ƙarƙashin bencin, akwatinmu na nan, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Na tambayi ɗaya daga cikinsu amsar da ya bayar, ya ce inuwa. Haruffa biyar. Lamba ɗayan nan ta kwashe su gaba ɗaya zuwa can ƙarshen gari.

Na kai wa Baba labari ina dariya. "Ka ga 'yan wasanka, sun je sun afka wa akwatin wani."

Bai yi dariya ba. Hoton da mutumin ya sa yake kallo, na abin da ya ɗauka: buroshin aski mai tsagaggen mariƙin katako. Na shiga banɗaki na duba kan kantar da muke ajiye kayan wanka, na Baba ba ya nan. Washegari na same shi tsaye gaban madubi da kumfar sabulu a tafin hannu.

"Uwata," haka yake kirana, "me ake yi da wannan ne?"

Hoto na gaba mariƙin makulli ne mai jan dutse, wanda ya yi shekaru yana lilo a jikin makullin bas ɗinsa. A cikin wannan makon, tsohon kwandastansa ya zo gaisuwa, yana ta ba da labarin hanya yana ƙyaƙyata dariya. Baba ya saurare shi cikin ladabi, da ya tafi ya ce mini shi bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa.

Likita ya ce shekaru ne. Na kira Yaya na zayyana masa komai, ya ce, "Ke dai kin cika fassara. Tsufa ne, ki bar tsoho ya huta." Mutumin da sai a waya yake ganin fuskar ubansa, shi zai koya mini tsufa. Na kashe wayar tun bai rufe baki ba.

Na goge tambayoyin daga intanet. Saƙonni ba su fasa shigowa ba. Wata budurwa ta sa hotonta tana murmushi, ɗan kunnen marigayiya Mama na rawa a kunnenta. Da yamma Baba ya tsaya gaban hoton aurensu da ke bangon falo, ya daɗe.

"Uwata, wace ce wannan kusa da ni? Kamar mai kirki."

Na shige kicin na kunna famfo don kada ya ji kukana. Tsoro ya kama ni sosai, domin na san abin da ya rage masa. Ya manta aikinsa, ya manta matarsa, Yaya ma ya koma "wancan mai kiran waya". Ni kaɗai yake kira ba ya lalube.

Da rana tsaka na bi lambobin da inuwa ke bayarwa. Suka kai ni bayan wani rufaffen shagon gyara, fili cike da matattun firji, ƙofofinsu a hangame, ciyawa ta tsiro a cikin wasu. Ba kowa. Guda ɗaya ne a rufe, kuma yana gurnani a hankali, alhali wayar wutarsa na yashe a ƙasa, a yanke.

Na buɗe, sanyi ya daki fuskata. Akwatin na ciki, irin namu sak, har da farin tef ɗin da na liƙa na yi rubutu da hannuna. A ciki akwai tarkacen da mutane suka bari, maɓalli da biro da motar wasa. A ƙarƙashinsu ga takalmin jariri, ƙafa ɗaya, ruwan ɗorawa, mai 'yar ƙararrawa. Nawa ne. Shi ne Baba ke ratayewa a madubin bas lokacin yana tuƙi.

Sai na ji muryoyi. Wasu samari biyu ne suka shigo filin, kowa ido a kan waya, suna nufo ni. Ban tsaya tunani ba. Na damƙe takalmin, na maida ƙofar, na bi ta ɗaya gefen. Har na isa gida hannuna na cikin jaka a kansa, ina jin daɗi, ina cewa wannan dai ba wanda zai ɗauka.

Baba na zaune a falo. Da na shigo ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa kamar yadda yake yi wa baƙi.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Na fito da takalmin na miƙa masa, ƙararrawar na kaɗawa. "Baba, duba. Ni ce."

Ya dube shi, fuskarsa ta washe.

"Kin samo akwatin ke nan. Barka, ba kowa ke samowa ba." Ya ɗan karkata kai. "To ke me kika bar mini a ciki?"