Jatan Landen da Ya Huce

Auta ta yi kuskure ɗaya ranar gwajin aikin kuku a otal: ta tafi da kawunta. Mai otal ɗin tsohon ɗalibin Kawu ne, mahaifiyarta kuma ta rantse cewa zuwa da babba shi ke buɗe ƙofa.

Faranti ɗaya aka ce ta girka. Ta zaɓi jatan lande. Ta ɓare shi, ta zare baƙin zaren bayansa, ta jefa a kasko da man shanu da tafarnuwa, yana yin ja ya lanƙwashe ta sauke. Jatan lande ba ya jiran kowa. Ko a ci da zafi, ko a tauna roba.

Ta ajiye gaban mai otal. Ya ɗauki cokali. Kawu ya gyara zaman tabarau.

"Ka san asalin kalmar nan, jatan lande, kuwa?"

Mai otal ya ajiye cokali. Da furfurarsa da tumbinsa, har yanzu ba ya kai loma baki malaminsa na magana.

Kawu ya fara da ragwayen da ke cewa sunan daga jan launinsa ya fito. Ya bi ta kan wani abokin aikinsa da ya mutu a kan wannan ɓata bai tuba ba. Ya zarce zuwa masu kiran kowane ƙwaron ruwa mai gashin baki da sunan, ya ce a hana su koyarwa. Tururi ya yi siriri, ya ɓace. Man shanu ya fara daskarewa a gefen faranti.

"Kawu, zai huce."

"Ilimi ba ya hucewa, 'yar nan."

Da Kawu ya tsaya shan ruwa, mai otal ya samu ya kai loma. Ya tauna. Ya ci gaba da taunawa, kamar akuya ta samu leda.

"Za mu neme ki," ya ce.

A bakin titi Auta ta manta da tarbiyya.

"Ka kashe mini aiki, Kawu! Na kwana ina shiri, ka zo ka yi wa abincina jana'iza!"

"Ni da na ɗaga miki daraja?"

"To mene ne asalin kalmar? Faɗa mini, in san abin da na saya da aikina!"

"Ba a tabbatar ba. Can nake son kaiwa kika katse ni."

"Ka taɓa cinsa ma?"

"Allah ya kiyaye. Abu mai ƙafafu haka?"

Ta tare tasi, ta tura shi ciki da jakarsa, ta buga ƙofa har direba ya yi tsaki. Ta koma ta ƙofar kicin, ta tarar da mai otal yana sakace.

"Ranka ya daɗe, abin da ka ci ba girkina ba ne, laccar Kawu ce. A ba ni kasko."

Ya leƙa bayanta a tsorace.

"Malam ya tafi?"

"Na sa shi a tasi."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jawo kujera har gaban murhu, ya zauna da cokali a hannu.

"Yi maza, kafin ya tuna wani abu ya dawo."