Gam Ɗin Jirgin Auta

Ranar da aka sallami Auta daga cibiyar kula da masu shaye-shaye, likita ya ja yayarsa gefe ya ce abu ɗaya zai roƙe ta, kada ta bar hannun yaron nan ya zauna ba aiki. Yaron da ake magana gemu gare shi, ya daɗe da wuce ashirin, amma tun rasuwar iyayensu ba mai kiransa sai da Auta. Ita kuma Yaya yake ce mata, har sunan ya bi ta, mijinta ma haka yake kiranta.

Ta share masa ƙaramin ɗakin da mijin yake ajiye tsofaffin tayoyi da jarkoki. Mijin direban babbar mota ne, sai ya yi kwanaki bai kwana gida ba. Da ta ce masa Auta zai zauna da su bai hana ba, sai dai tun daga ranar ya fara kulle ɗakin kwanansu in zai fita.

Makonnin farko sun yi wa Yaya nauyi. Za ta fita aiki da safe ta bar Auta a bakin katifa, ta dawo da yamma ta same shi a nan, ya ɓare fatar gefen farcensa har ta yi jini. Ta ba shi shara da wanke-wanke, kafin ta gama ɗaura ɗankwali ya gama, ya koma ya zauna. Ba ya musu, ba ya tambayar komai. Wannan ladabin ya fi tayar mata da hankali a kan rigimar da yake yi a da.

A shagon buga takardu take aiki, kuma ita ake aika sayen takarda da tawada. A kantin da take sayayyar ne ta hango wani kwali a can saman kanta, ya yi ƙura, da hoton jirgin sama mai farfela ɗaya a jiki. Mai kantin ya ce jirgin roba ne da mutum yake haɗawa da kansa, kuma tun zamanin mahaifinsa yake nan ba wanda ya taya. Yaya ta tuna Auta yana ƙarami ya taɓa warware rediyon gidansu ya mayar, ta ce a sauko mata da shi.

Da yamma suka buɗe kwalin a kan teburin falo. Ita ta ɗauka jirgi za ta gani. Sai ga wasu firam-firam na roba masu ruwan toka, ƙananan sassa maƙale a jikinsu, ga fiffike nan, ga rabin ciki can, ga taya kamar maɓallin riga. Auta ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga, ya ce wannan jirgin ai tun bai tashi ba ya yi haɗari. Yaya ta yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, don rabon da ta ji ya yi raha har ta manta.

Yana buɗe takardar bayani wani ɗan bututun gam ya gangaro daga cikinta. Kafin ɗayansu ya yi tunani, Auta ya murɗe murfin. Warin ya cika falon nan take. Yaya ta san shi. Shi ne warin da take ji a rigunansa shekarun baya, lokacin da yake koyon aiki a gareji ya fara shaƙar sholisho, tun kafin ƙwayoyi su biyo baya. Ta ga hancinsa ya buɗe, maƙogwaronsa ya motsa. A hankali ya mayar da murfin, ya ajiye bututun a tebur, ya tura mata shi da ɗan yatsa ɗaya ba tare da ya dube ta ba. Ta jefa shi a jaka, kunya ta rufe ta kamar ta nutse.

Ta so ta mayar da kwalin washegari, Auta ya ce ta bar shi. Suka gwada gam ɗin takarda na shagonsu. Fiffiken ya tsaya da yamma, da safe suka same shi ya zube a tebur. Suka gwada salatif, abin ya yi muni. A ƙarshe Auta ne ya kawo shawara: shi zai riƙa cire sassan da abin yanke farce, ya goge bakinsu da sanfefa, ya gwada su a bushe, ya yi alama da fensir a inda gam zai hau. Ita kuma ta tafi da su shago ta manna a can, ta bar su su sha iska, ta dawo da su bayan warin ya fita.

Haka aka yi. Kullum Yaya takan fita da gwangwanin biskit a jaka, in rana ta yi tsaka aiki ya lafa sai ta zauna bayan injin kwafi ta baje takarda. Ba ta taɓa yin irin wannan aiki ba, kuma ya nuna. Karon farko ta matsa bututun da ƙarfi, gam ya malalo, ta kai yatsa ta share, sai robar ta narke ta ɗauki zanen yatsanta ɓaro-ɓaro a tsakiyar fiffike. Abokiyar aikinta, wadda ake kira Mai Tabarau, ta leƙo ta ce ita dai ko kyauta aka ba ta kujera a jirgin nan a ƙasa za ta tafi. Wata rana kuma ta haɗe ɓarin cikin jirgin biyu, ta ɗaure da roba, ta ji daɗin yadda suka zauna, sai da za ta rufe gwangwani ta ga kujerar matuƙi a kwance a gindinsa. Ta manta ba ta sa ba, kuma gam ya riga ya kama.

Ta dawo gida tana fargabar abin da zai ce. Auta ya juya jirgin, ya leƙa ramin, ya ce ba laifi, matuƙin zai yi tuƙi a tsugune. Ya kwashe yini biyu da ɗan hantsakin cire gira yana lallaɓa kujerar ta saman ramin har ta shiga. Zanen yatsanta ma ya bi shi da sanfefa a hankali, yana hurawa yana shafawa, har ya kusa ɓacewa. A kwanakin nan fatar yatsunsa ta warke. Yakan jira ta a bakin ƙofa, ya karɓi gwangwanin kafin ya karɓi jakarta, yana mata tsiyar cewa ma'aikaciyarsa ba ta da hannu, da a kamfani ne da tuni ya kore ta.

Mijin ya dawo daga tafiya ya tarar da tebur cike da tarkace. Ya ɗauki jirgin ta wutsiya, ya dube shi, ya tambayi Yaya a gaban Auta ko wannan ne aikin da ƙaninta ya samu.  Auta ya tattara kayansa ya koma da su ƙaramin ɗaki, a kan wata tsohuwar taya da ya ɗora wa katako ya ci gaba.

Abin da ya rage a mannawa shi ne murfin gilashin da yake rufe matuƙi. Shi kaɗai ne sashe mai garai-garai a kwalin, bai fi farcen babban yatsa ba. Auta ya naɗe shi a tsumma tun ranar farko. Takardar bayani ta yi gargaɗi a kansa da babban zane: gam kaɗan, in ya taɓa gilashin ya lalace. Da safe Yaya ta miƙa hannu ta karɓa, sai Auta ya riƙe.

Ya ce wannan hannunta ba zai iya ba, kuma ba zagi ba ne. Ta kawo bututun gida, su buɗe taga, ta tsaya a kansa, ita za ta ɗiga a kan tsinken sakace ta miƙo masa, ko bututun ba zai taɓa ba.

"Ɗigo ɗaya ne, Yaya," in ji shi. "In ba ki yarda da ni a kan ɗigo ɗaya kina tsaye ba, a kan me za ki yarda?"

Ta dubi fuskarsa. Ta ga ta ciko, idonsa ya washe. Ta kuma tuna yadda hancinsa ya buɗe ranar farko. Ta ce masa bari dai ta fara tambayar likita. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya saki tsumman a tafin hannunta.

Ba ta kira likita ba, don ta san ko ya ce a ba shi ba za ta iya ba. Da rana ta zauna bayan injin, ta sa tsinke kamar yadda ya ce, tana riƙe numfashi. Tana cikin ɗora murfin wani ya buga kantar shagon yana neman a yi masa kwafi, ta zabura, murfin ya goce ya shafi gam. Ta gyara shi da sauri ta tashi. Da ta dawo, gilashin ya yi fari fat kamar ido mai yana, ba a ganin kujerar da Auta ya sha wahalar sawa. Mai Tabarau ta duba, wannan karon ba ta yi raha ba.

Auta ya karɓi gwangwanin da yamma, ya buɗe, ya ɗaga jirgin a hasken taga. Yaya ta fara bayanin mutumin da ya buga kantar. Ya ce ba komai. Ta ce za ta koma kantin ko akwai wani murfin, ya ce ba komai, Yaya. Ya ajiye jirgin a kan katakon ya kwanta.

Saura fenti, amma ƙananan kofunan fentin da ke kwalin sun bushe sun zama dutse. Ta yi alkawarin nemo masa irin wanda ake damawa da ruwa, mara wari, ta kuma nemo. Bai buɗe ba. Ya fara cewa zai fita ya miƙe ƙafa, ita kuma ta ji nauyin ta hana shi wani abu kuma, ta ce ya dai dawo da wuri. Yana dawowa da wuri, ya ci abinci, ya wanke kwanonsa.

Wata rana wuta ta ɗauke a shago tun hantsi, maigidan shagon ya sallame su. Ta iso gida ba Auta. Ta zauna, ta kasa zama, ta fita ta bi titi tana leƙe. A bayan rumfar mai faci da ke bakin babbar hanya ta same shi, zaune a kan taya, ya jingina da katanga, da tsumma a hancinsa. Mai facin ya rantse bai san yana nan ba, ya ce gwangwanin sholishonsa ne dai yake ta raguwa kwana biyu. Yaya ta durƙusa ta zare tsumman. Auta ya ɗago a hankali, ya yi mata wani murmushi mai laushi, ya kira ta Umma, ya tambaye ta ko ta dawo.

Washegari ta mayar da shi cibiyar. Da ta tambaye shi ko a sa masa jirgin a kaya, ya ce ba za su bari a shiga da shi ba, ta bar shi kawai. 

Yayin da ake duba shi, ta tsaya a ƙofar ofishin likita ta ba shi labarin murfin gilashin tun daga farko. Ta tambaye shi, da ta kawo bututun gida ta tsaya a kansa, da abin bai kai haka ba? Likitan ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce zai yiwu da ya tsaya, zai kuma yiwu da tun ranar ya faɗa, shi bai sani ba, kuma duk wanda ya ce mata ya sani faɗa kawai ya yi.

A bakin ƙofar ciki wani ma'aikaci ya ce wa Auta ya cire bel da igiyar takalmi, doka ce. Ya sunkuya ya zare igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su da kyau a yatsunsa biyu, ya miƙa mata tare da bel ɗin.

"Ki gaida mijinki," ya ce. "Ki ce masa ya mayar da jarkokinsa ɗakin."

Ta ce ba za a mayar ba, ɗakinsa ne. Ya gyaɗa kai, ya bi ma'aikacin yana jan takalmin da ya yi masa sako-sako. Yaya ta tsaya har aka rufe ƙofar, sannan ta fito titi ta tsaya jiran mota, don ta ce wa maigidan shago za ta dawo aiki kafin rana ta yi sanyi.