Shanyar Zainaba a Filin Tasha

Ranar Litinin ce cikin watan Maris, rana ta buɗe tun hantsi, irin zafin da mai shanya ke roƙo. Zainaba tana juya tattasai da ƙafa a filin bayan unguwarsu, sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke katafila.

Tun bara mutanen magajin gari suka kafa turaku, suka ce nan za a gina sabuwar tasha, inda motocin cikin gari za su riƙa haɗuwa da na Bosso da Geskeru. Kowa ya ji, kowa ya manta. Ga shi amfanin gonarta ta bakin kogin Komadugu duk yana shimfiɗe a nan, ja wur, kwanansa tara a rana, saura biyar. In aka tara shi da danshi zufa zai yi ya yi baƙi, ba ɗan kasuwar da zai kalle shi.

Ta nufi direban katafilar, wani dogo mai suna Kalli.

"Ɗana, ta ina za ka fara?"

"Ta inda kike tsaye, Inna. Kwashe kayan miyarki."

"Kayan miya? Abincin mutum takwas ne na shekara. Ai ba loma ɗaya za ka yi wa filin ba. Fara ta gabas. In ka iso nan, ni sai in koma inda ka gama."

Kalli ya yi dariya. "Abin da ke bayana ba ruwana da shi."

Haka aka yi. Ranar Laraba ita da ƴaƴanta mata biyu suka kwashe shanyar, tasa bayan tasa, suka mai da ita gabas. Ƙasar ta yi sumul kamar daɓe, har Zainaba ta sa wa Kalli albarka. Ba ta san ana jiƙa fili kafin a danne shi ba.

Tana sallame azahar ta ji ihun ƴarta Hasna. Motar ruwa ce ta bi gefen shanyar tana fesawa. Zainaba ta ruga ba takalmi, ta tsaya a gabanta. Direban, baƙo daga Damagaram, ya leƙo.

"Hajiya, ai wanke miki shi na yi! Rana za ta busar."

"Tufafi ne? Kashe motar nan."

Ya kashe. Ba ta gusa ba sai da shef, shugaban aikin, ya zo da takardunsa. Ta damƙo jiƙaƙƙen tattasai, ta matse shi a tafin hannunsa.

"Ban hana ku tasharku ba, mu ma shiga za mu yi. Kwana uku nake so a wannan kusurwa."

Shef ya dubi hannunsa, ya dubi matan unguwa da suka fara taruwa da faifai.

"Biyu," ya ce.

Ba ta yi jayayya ba, ta duƙa. Suka tsince jiƙaƙƙen ɗaya bayan ɗaya, suka hau da shi rufin gidaje, yatsu na raɗaɗi, kowa na atishawa. Ranar Juma'a da la'asar ta ɗinke buhu na ƙarshe, motar ruwa ta shiga kusurwar.

Buhu talatin da ɗaya ta tsira da su. Shida sun yi baƙi, ta zubar. Tabarma biyu sun yage, tasa ɗaya ta lotse.