Babur ɗin Baƙo a Rumfar Malam Jaji

Kafin in tsallako kwata daga shagona, Sagiru ya riga ya fasa wa baƙon baki da ƙarfen cire taya. Baƙon yana ƙasa ya dunƙule, 'yan acaɓa sun kewaye shi, kowa na kai masa ƙafa. A bayansu babur ɗinsa yana ci da wuta, rumfar Malam Jaji ma ta kama.

Malam Jaji yayan Sagiru ne, kuma maƙwabcina a Yalwawa, katanga ce ta raba gidajenmu. Tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba yake gyaran babur. Da hantsi baƙon, wani matashi mai suna Zuhair, ya turo ƙaton babur irin na masu yawon ƙasa, da akwatuna a gefe da gefe. Daga Jos ya taso za shi Nguru, injin ya fara shaƙewa a hanya. Yana da sababbin fulogi a jakarsa, mai ɗaurawa kawai yake nema. Malam Jaji ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, amma ai fulogi fulogi ne.

A ƙananan babura fulogi a fili yake. A wannan sai an ɗaga tanki. Ya zare tiyon mai, ya tokare tankin da katako, ya kwance tsofaffin. Sannan ya yi abin da kowane bakanike a garin nan ke yi kafin ya ɗaura sabo: ya maƙala shi a waya, ya jingina shi da jikin inji don ya ga tartsatsi. Ina jinsa ya ce wa baƙon ya kunna ya danna sitata. Malam Jaji bai san tankin yana da famfon da ke tura mai da kansa ba. Fetur ya feso masa a ƙirji, tartsatsin ya same shi.

Sagiru, da ke facin taya a tsallaken titi, abin da ya gani kawai shi ne baƙo ya danna, yayansa ya kama da wuta.

Masu awon hatsi suka kashe wutar jikin Malam Jaji da buhuna da yashi. Na durƙusa a kansa. Rigarsa ta narke ta manne da fata, gemunsa babu.

"Malam Talha, ihun me nake ji?"

Na ce masa Sagiru ne ke dukan yaron.

"Ni na ce ya danna. Je ka faɗa masa."

Na je na faɗa, ba wanda ya saurare ni. Wani na cewa a kawo taya a ƙona shi. Sagiru ya take hannun Zuhair na dama ya sauke masa ƙarfe, ƙashin ya ɓalle kamar karan dawa. Na koma na gaya wa Malam Jaji, ya ce mu ɗauke shi mu kai shi wurin. Muka ɗora shi a benci, fatar kafaɗarsa ta biyo tafin hannuna. Muka ratsa taron muka ajiye shi a gefen yaron.

"Sagiru, ba don ubanmu ɗaya ba, da yau na zagi ubanka. Ajiye ƙarfen nan."

"Yaya, shi ya ƙone ka."

"Maganata ya bi. In ka kashe shi, da jininsa a wuyana zan tafi."

Ƙarfen ya faɗi a yashi. Mota ɗaya ta kwashe su zuwa asibiti.

Malam Jaji ya rasu ranar Alhamis da safe. Matarsa Ikilima ta gaya wa matata cewa har ya daina magana, hannun yaron yake tambaya.

Na daɗe ina juya abin a raina. Dabarar da ta ciyar da gidansa shekara da shekaru ita ta kashe shi, kuma ban gano inda ƙwarewa ta ƙare ganganci ya fara ba. Ban kuma san sunan da za mu kira unguwarmu da shi ba da a ce wutar ta cinye muryarsa.

Zuhair ya zo jana'iza cikin jallabiyar aro, fuska a kumbure, hannu a ɗaure rataye a wuya. Waɗanda suka dake shi suka dare masa, kowa na kallon ƙasa. Liman ya ce a cike sahu. Gurbin da ya rage na kusa da Sagiru ne, nan ya tsaya.

Sagiru bai dube shi ba. Ya matsa ƙafarsa a hankali har ɗan yatsansa ya taɓa na baƙon, liman ya yi kabbara.