Taku Ashirin da Uku

Tsohon birkila bai taɓa yarda da aikin da ba a ja masa igiya ba. Shekara arba'in yana gini, ya ajiye aiki amma bai ajiye igiyar ba, kullum tana dunƙule a aljihunsa, har matarsa take ce masa Mai Igiya. Shi kuma Gimbiya yake kiranta, tun kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da ita bara.

Likita ya ce maganinta tafiya. Daga ƙofar gidansu zuwa gindin bishiyar da ke bakin titi taku ashirin da uku ne, ta ƙirga, kuma kowace safiya sai ta yi su, dafe da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da aka ba ta a asibiti. Kada ma a ce don likita take yi. A ƙarƙashin bishiyar akwai benci, akwai inuwa, akwai kuma labarin unguwa da ɗuminsa, Gimbiya kuwa ba ta son a ba ta labari ya huce.

Ran nan ƙarfen ya harɗe a inda saiwar bishiyar ta ɗaga simintin hanyar masu ƙafa. Ta faɗi, ta kurje gwiwa da goshi.

Autarsu, wadda ba ta iya fushi a zaune ba, ta ɗauki hoton wurin ta nufi hukuma. Ofishin tituna suka ce saiwa ce ta yi ɓarna, ta tafi ofishin shuke-shuke. Na shuke-shuke suka ce su ganye da reshe suka sani, siminti ba nasu ba ne. Wani ma ya ce ai ƙofar gidansu ce, masu gida su ji da abinsu. Sati biyu tana sintiri, a ƙarshe ofisoshin biyu suka samu abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Aka wayi gari da jan fenti a jikin bishiyar, da takarda manne: za a sare ta ranar Alhamis, don tana da haɗari ga masu tafiya.

"Baba, wallahi gyara na nema," in ji Auta, kamar ta yi kuka.

Gimbiya ta juya fuska bango. "In sun sare ta ku mayar wa asibiti ƙarfensu. Ina zan je? In fita in tsaya a rana kamar shanya?"

Daga ranar ta daina fita. Kwana uku, tsohon ya ga ƙafar ta fara nauyi, ko banɗaki sai ta ja ta. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene mai hawa shida.

Ya fita ya durƙusa a gindin bishiyar, ya share ƙasa da tafin hannu. A kusurwar simintin da ya tsage akwai layi biyu siraran da aka ja da gefen cokalin gini. Ya san su kamar yadda ya san sa hannunsa, don shi kaɗai yake yi wa aikinsa wannan alama. Shekara talatin da suka wuce, lokacin bishiyar ba ta fi kaurin hannu ba, shi aka ba kwangilar layin nan, shi ya zuba kankare har jikinta, ya shafe sumul, bai bar mata ko taki ɗaya na ƙasa da ruwa zai shiga ba. Har tsayawa ya yi yana yaba kansa. To, abin da ƙishirwa ta dama dole ya taso neman ruwa.

Kunya ta kama shi, amma ba ta daɗe ba, don hankalinsa ya riga ya tafi kan yashi.

"Auta, aro mana baro."

Talata da Laraba ya yi su a durƙushe. Mai wanki da guga na maƙwabta ya riƙe guduma, Auta ta tura baro, shi kuma ya ja igiya. Suka farfasa kankaren, suka bar wa bishiyar fili zagaye na ƙasa zalla. Bai taɓa saiwa ko ɗaya ba. Ya shimfiɗa yashi, ya jera ƙananan bulo ba siminti, ya karkata hanyar ta kewaye babbar saiwar a hankali. Da ya gama ya watsa bokitin ruwa, ya tsaya yana kallo har ruwan ya gangara gindin bishiyar ya nutse.

Alhamis da safe jami'i ya iso da fayil a hammata, mutum biyu na bayansa da injin yanka itace.

"Baba, wa ya ba ka izinin taɓa hanyar hukuma?"

"Yallaɓai, wanda ya ba ni izinin ɓata ta. Ofishinku ne, kafin a haife ka. Ni na zuba simintin, ni na shaƙe bishiyar. Aikina ne ya lalace na dawo na gyara."

"Ni dai takarda ta ce haɗari."

"Nuna min shi."

Jami'in ya taka bulon, ya ɗan yi tsalle a kai, bai motsa ba. Ya sosa ƙeya.

"In saiwa ta sake ɗagowa fa? Wa ke da alhaki? A ofis abin da za a tambaye ni ke nan."

"Bulo ne a kan yashi. A ɗaga, a daidaita, a mayar, aikin awa guda. Ku rubuta: yashi da bulo naku, sassabe reshe naku, ido da hannu namu. Muddin ina iya durƙusawa ni ne. Ran da na kasa, ga Auta, ta iya jan igiya."

"Baba, maganarka ta shiga. Amma mutum ya faɗi a nan, yana cikin fayil. Ba zan iya rufe shi da baki ba."

Sai tsohon ya ji ƙarar da ya fi kowa sani, ƙwas, ƙwas, ƙarfe a kan dandamali. Gimbiya ce a bakin ƙofa, ta ɗaura ɗankwalinta na fita unguwa. Auta ta zabura za ta riƙe ta, Gimbiya ta harare ta.

Ta taho. Ƙarfe gaba, ƙafa mai lafiya, sannan ta jawo ɗayar. Mai wanki ya ajiye dutsen guga. Masu injin suka matsa gefe ba wanda ya ce su matsa. Tsohon ya cusa hannu a aljihu ya damƙe igiyarsa. Aikinsa bai yi shakkarsa ba ko kaɗan, ita yake ji.

Ta bi kwanar da ya yi wa saiwar, ta iso, ta dafa bishiyar daidai kan jan fentin tana haki. Jami'in ya buɗe fayil ya yi rubutu, ya yi wa mutanensa alama su mayar da inji mota.

"Mai Igiya."

"Na'am, Gimbiya."

"Ashirin da biyar. Ka ƙara min taku biyu."

"Saiwa na kewaye."

Ta zauna a kan benci, ta gyara zani, ta dubi hanyar da ta biyo.

"Bar su," ta ce. "Gobe ma zan yi su."