Kwalbar Labiba

Tun muna yara ƙanwata Rahina take shan gabana, alhali ni ce babba. Ita ce mai aikin biro, wato ofis, a unguwar Ganhi, ni kuwa alewa da biskit nake sayarwa a bakin titin Zongo. Har a 'ya'ya ma haka. 'Yarta Labiba haƙora fari tas, ɗana Isa kuwa, shekararsa huɗu, na gaba duk sun ruɓe, na ciki yana hana shi tauna. In mun haɗu gidan Innarmu ran Juma'a, Labiba ake ɗorawa a cinya. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Sai wata likitar haƙori, Madam Chérifa, ta zo makarantar yaran. Ta ce tana binciken wani sinadari a yawu, wai shi melatonin, wanda jiki ke yi in ana barci cikin duhu. Tana son ta ga ko ƙarancinsa na tafiya tare da ruɓewar haƙori. Ta ba kowace uwa 'yar kwalba da sunan ɗanta a manne, a tara yawu da sassafe kafin a ci komai.

Wane barci? Isa yana gindin teburina har in tashi kasuwa da tsakar dare. Labiba kuwa ƙarfe takwas an kashe mata fitila. Na san wadda za ta sha kunya.

Ranar kaiwa Rahina tana sauri, ta miƙo mini tata. "Yaya, ki haɗa ki kai mana."

A hanya na ɓare sunayen da farce, na musanya.

Bayan wata guda takardu suka fito. Rahina ce ta karanta a gaban Inna, da yake ni Faransancina na ciniki ne. Na Isa daidai, na Labiba ya yi ƙasa.

Inna ta dube ni. "Ashe Lubabatu kin fi ta kula."

Shekara talatin da biyar ina jiran wannan magana. Daɗinta har cikin ƙashina.

Rahina ta ci gaba da karatu. Yaran da nasu ya yi ƙasa, likita za ta riƙa ganinsu kowane wata har shekara, ta gyara duk haƙorin da ya lalace. Sauran an gode musu.

Ta ajiye takardar, ta dubi kumburarren kumatun Isa.

"Yaya, ai shi ne mai buƙata. Anya ba su haɗa kwalaben ba? Mu koma tare gobe, a sake gwadawa."

Isa yana juya tuwo a gefe guda na baki. Inna kuwa har yanzu ni take kallo, da irin idon da ba ta taɓa yi mini ba.

Na ce, "Ba su haɗa komai ba. Da hannuna na kai."