Rufin Siton Fatu

Maccido magini ne a Ƙofar Marke, haka ubansa, haka kakansa. Maginan Sakkwato suna da al'ada tun da can: idan ginin ɗayansu ya zube, sauran sukan taru su tayar da shi a gayya, mai gida bai yi asara ba, magini bai kunyata ba. Sharaɗin kawai shi ne, duk babban aikin da ya samu, a kai shi gaban Sarkin Magina a raba.

Shekarar da wani kamfanin Turawa masu sayen fatun awaki ya buɗe kanti a garin, akawunsu Junaidu ya zo neman mai gina sito. Maccido ya karɓi aikin shi kaɗai, ya ɗebo lebura daga ƙauye. Damina ta matso, Baturen kamfanin yana gaggawa, sai ya rage azara, ya yi daɓen rufin sama-sama. Ya san abin da ya yi, ya dai sa rai Allah zai rufa asiri.

Tsakiyar damina, wata la'asar, rufin ya rufta a kan fatun. Da aka tono su washegari, laka ta shiga ko'ina, har sun soma wari.

Maccido ya sami Junaidu a bayan kanti.

"Malam, Bature ya karye ke nan, a sanadina?"

"Bature bai rasa komi ba," in ji Junaidu. "Hwatun na da inshora. Akwai wasu can Ingila, kamhwani shina ba su wani abu duk shekara, in ɓarna ta samu su biya. Amma sai sun nemi mai laihi. Kai na mai laihin."

Maccido ya ce, "To ni ma ba su ɗauka ta? In riƙa ba su, su tsaya ma aikin hannuna?"

"Na ji likitocinsu da lauyoyinsu na da irin wagga. Ban taɓa jin anka yi ma maginin laka ba. Ko da ana yi, kahin ɓarna aka shiga."

Daga nan ya wuce gidan Ladan, Sarkin Magina, ya durƙusa a zaure. Tsohon bai ɗaga murya ba.

"Ran da kag gina, ka kira mu?"

"A'a, Baba."

"To mi za ni ce ma mutanen da ka hana abinci? Su zo su taka maka ƙasa kyauta?"

Kamfanin ya kai ƙara, alƙali ya yanke cewa ɓarnar da sakacin mai sana'a ya jawo, shi zai ɗauka. Jakuna biyu na Maccido masu ɗaukar ƙasa suka tafi a biyan, sannan fadamar shinkafar da ya gada. Matarsa Iyatu ta sayar da tasoshinta.

Da rani kamfanin ya ba Ladan aikin sabon sito, aka raba shi tsakanin magina. Babu wanda ya ƙara kiran Maccido ko gyaran katanga. Yaransa suna bukatar gero, sai ya je ya nemi aikin kwaɓa ƙasa a wurin. Ladan ya ɗauke shi, a kan ladan lebura.